Asabar Ɗin da Mu Biyu Muka Ƙi Sa Hannu

Na yi yawo a duniya gwargwadon abin da Allah Ya rubuta mini, na kuma manta da abubuwa da dama, har da sunayen wasu garuruwan da na kwana a cikinsu. Amma akwai wata Asabar guda da na yi a cikin jirgin ruwa a bakin Jidda, wadda ba za ta fita daga raina ba sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido.

Wajen ƙarshen shekarun hamsin ne, ina aikin tafinta a tashar jiragen ruwa. Tun ina saurayi na baro gida. Na zauna a Chadi, inda na kwashi Faransanci, na ratsa Sudan, na yi dako a Masawa, na yi shekara huɗu a Adan ina aiki da Ingilishi. Da na iso Jidda, sai waɗannan harsuna suka zama jarina. Duk jirgin da ya tsaya, akan ɗauke ni tare da jami'in fasfo a cikin ƙaramin kwalekwale mai inji, mu je mu hau. Aikina ɗaya ne: abin da fasinja ya faɗa in mayar da shi Larabci, jami'i ya rubuta, ni kuma in sa hannu a ƙasa cewa haka aka faɗa. A kan wannan aikin iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, take, a kansa kuma matata da 'ya'yana uku suke ci a ɗaki biyun da muke haya a unguwar Balad.

Ran nan wani jirgin Italiya ya tsaya da hantsi, ya fito daga Turai zai wuce Masawa. Fasinjojin da ba Jidda za su sauka ba, ƙa'ida ita ce kowa ya sa hannu a wani kati cewa zai zauna a jirgi har ya tashi. Aikin minti goma ne. Muna cikin yi, layi ya zo kan wani tsoho mai farin gemu, sanye da baƙar kwat a cikin wannan zafi, ga gashi ya sauko masa ta gefen kunnuwa. Fasfonsa na Faransa ne. Jami'in ya miƙa masa alƙalami, sai tsohon ya mayar da hannuwansa baya, ya ce da Faransanci, "Yau Asabar ce. Ba na rubutu sai rana ta faɗi."

Ni na gane nan take. A Adan na zauna kusa da unguwar Yahudawa, na san ran Asabar ba sa rubutu, ba sa kunna wuta, ko shago ba sa buɗewa. Amma jami'in da nake tare da shi yaro ne sabon shiga, kuma a wurinsa Asabar ita ce ranar da ake soma aikin mako. Na fassara masa, na kuma yi masa bayanin al'adar. Bai ji bayanin ba, kalma ɗaya kawai ya ji.

Ya ce, "Bayahude ne? Yalla, a kawo akwatinsa."

Aka kawo. Littattafai ne a ciki, da wani ƙunshin wasiƙu. A jikin wasiƙun akwai kan sarki na ƙasar Isra'ila, wadda a lokacin ko sunanta ba a ambata a bakin aiki, sai dai a ce "waccan". Na ga idon yaron ya yi haske kamar wanda ya tsinci dami a kala. Ya sa aka kai mu wani ɗaki, ya zaro takarda, ya ce in tambayi tsohon ko shi mutumin waccan ƙasa ne.

Tsohon ya zauna, ya dube shi ba tsoro ko kaɗan. Ya ce, "Na zauna a can shekara biyar, na fito da ƙafata. An ce mana ƙasar Yahudawa ce. Wata rana rigimar shago ta kai ni kotu, sai na tarar da alƙali kansa ba hula, yana yanke hukunci da dokar da Turkawa da Ingilishi suka bari. Attaura tana can ajiye a kan kantar littattafai, ba wanda ya buɗe ta. Masu mulkin, yawancinsu ba sa kiyaye Asabar. Wannan ce ƙasar da kakannina suka yi ta kuka a kanta?"

Jami'in ya ce, "To me yake so?"

"Ina so wannan gwamnati ta gushe, Attaura ta yi mulki. Majalisar malamai saba'in da ɗaya ta dawo kamar da, sarki ya fito daga gidan Dauda."

"Wa zai gusar da ita?"

A nan tsohon ya yi wata dariya mai ɗaci, ya nuna wasiƙun da haɓarsa. Ya ce, "Rigimata ke nan da ƙanena, shi ne mai waɗannan wasiƙu. Shi ma abin da nake so yake so. Amma ya ce a shiga majalisarsu, a yi zaɓe, yau a ƙwato dokar aure, gobe a ƙwato ta Asabar, har a cinye su daga ciki. Ni na ce wanda ya tsoma hannu a akushinsu ya riga ya yarda da tuwonsu. Ba hannun ɗan'adam ne zai kawo wannan mulki ba, sai Allah Ya aiko Almasihu. Kafin nan zan je Asmara wurin 'yata in zauna in jira."

Na fassara kalma bayan kalma. A raina kuwa mamaki nake yi, domin ban taɓa zaton akwai Bayahuden da ke jin haushin waccan gwamnati haka ba. Mu a majalisunmu dunƙule su muke yi wuri ɗaya.

Yaron ya gama rubutu, ya turo mini takarda. Allah Ya sa ba na sa hannu sai na karanta. Abin da ya rubuta layi uku ne: wai fasinjan ya amsa da bakinsa cewa yana kira a kifar da gwamnati, yana musayar wasiƙu da waccan ƙasa, ya kuma ƙi bin umarnin hukuma, don haka a saukar da shi a tsare. Bai faɗi wace gwamnati ba. Bai faɗi cewa mutumin ya ce ba hannun ɗan'adam ba. Duk wanda ya karanta takardar a ofis zai ɗauka gwamnatin nan ake nufi, kuma na san inda irin wannan takarda take kai mutum.

Na ce, "Ba haka ya ce ba."

Ya ce, "Bai ce gwamnati ta gushe ba?"

"Ya ce. Amma ka yanke kan maganar da wutsiyarta. Ka rubuta duka, in sa hannu."

Ya miƙe tsaye, ya kira ni da sunan da suke kiran baƙi baƙar fata irinmu. "Ya Takruni, ka manta ko kai wane ne? An kawo ka ka yi fassara, ba ka koya mini aiki ba."

Na ce, "Fassarar nake yi. Alƙalamin naka ne, takardar ta hukuma ce, amma hannun nan nawa ne, kuma ba zai hau kan wannan ba."

Na ajiye alƙalamin, na mayar da hannuwana baya. Sai da na yi haka na lura irin tsayuwar tsohon na yi. Yaron ya buga tebur, ya aika a kira mudiri, shugaban ofishinmu, daga tasha, ya kuma hana jirgin tashi. Kyaftin ɗin ya yi ta zagi da Italiyanci, wanda Allah Ya taimake shi ban fassara ba, don ba a tambaye ni ba.

Mai tuƙa kwalekwalenmu wani Bahaushen Sudan ne, ya girme ni, Yaya nake ce masa. Da labari ya kai masa sai ya hawo, ya ja ni gefe.

Ya ce, "Malam, lafiyarka kuwa? Kana da mata da 'ya'ya, za ka zubar da iƙamarka a teku saboda Bayahude? Shi fa gobe yana Masawa yana shan gahawa, ko sunanka bai sani ba."

Na ce, "Yaya, shi ne Bayahude. Harshen da ya ɗauko maganarsa ai na Musulmi ne."

"Kai dai da taurin kai! Sa hannu kawai, halas. Zunubin na wanda ya rubuta ne."

"To mene ne amfanin hannuna a ƙasa? Ai shaida ce. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ci albashin tafinta shekara shida, yau ce ranar askin."

Ya girgiza kai ya ce, "Allah Ya shirye ka. Ni dai in an kore ka, kada ka zo mini da kuka."

Tun kafin azahar har bayan la'asar muna zaune, ni da tsohon, a benci ɗaya. Shi yana karanta wani abu da ka, leɓɓansa na motsi. Ni ina tunanin yadda zan shiga gida. Sau biyu yaron ya leƙo ya ce, "Ka yi tunani?" Sau biyu na ce masa na yi, amsar tana nan.

Da mudirin ya zo, dattijo ne mai sanyin magana. Ya karanta layukan nan uku, ya saurari yaron, sannan ya ce a maimaita tambayoyin a gabansa. Ya kuma kira wani ma'aikacin jirgin mai jin Faransanci da ɗan Larabci ya tsaya, don ya kama ni in na karkace. Tsohon ya maimaita maganarsa, bai rage komai ba.

Mudirin ya shafa gemu ya ce, "Wato a ganinka bai halatta a yi mulki ba sai da littafin da Allah Ya saukar?"

Tsohon ya ce, "Haka ne."

"Ai mu ma abin da muke faɗa ke nan. Littafin ne dai ba ɗaya ba."

Sai tsohon nan ya ɗaga kai ya ce, "Nawa ya riga naku zuwa."

Na ji kamar in shaƙe shi. Mutum ana neman a cece shi, shi yana neman rigima! Yaya, da ke tsaye bakin ƙofa, bai ji Faransanci ba, amma ya karanta fuskata, ya shiga ƙifta mini ido wai in haɗiye. To, ni da na ƙi a yanke magana don a cuce shi, ta yaya zan yanke ta don in gyara shi? Na fassara yadda ta fito. Yaya ya ɗora hannu biyu a ka.

Can sai mudirin ya yi murmushi ya ce, "Gaya masa namu ne ya zo ya rufe ƙofa." Ya ninke takardar yaron ya sa a aljihu. Ya ce wannan rigima ce tsakanin mutum da ƙanensa, ba ruwan tashar Jidda da ita. In rana ta faɗi ya sa hannu a katinsa, jirgi ya kama hanya.

Muka yi sallar magariba a saman jirgin. Da muka sallame, tsohon bai karɓi alƙalamin ba tukuna, yana tsaye yana duban sama, sai da ya ƙirga taurari uku, alamar fitar Asabar a wurinsu. Sannan ya sa hannu. Bai gode mini ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Duk abin da na faɗa ka gaya musu?"

Na ce, "Har wanda da ka yi shiru ya fi."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki akwatinsa ya shige. Ban sake ganinsa ba.

A kwalekwale muna komawa, mudirin ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Gaskiya ka faɗa. Amma ka kunyata jami'i a gaban baƙi, kuma shi ɗan ƙasa ne. Gobe kada ka zo." Ban roƙe shi ba. Na ce na ji, kuma da za a maimaita, haka zan sake yi.

Da na gaya wa matata, sai ta ce, "A kan Bayahude, Malam?" Na ce mata a kan hannuna ne. Ta yi kwana uku ba ta yi mini magana mai daɗi ba. Wata biyar na yi ina zaune a bakin kasuwar Balad ina rubuta wa alhazai wasiƙa kafin in sami wani kafili, wato ubangidan da zai tsaya mini a kan iƙama. Yayan nan da ya ce kada in zo masa da kuka, shi ne ya riƙa aiko mana da kifi duk Juma'a, yana haɗawa da saƙon cewa har yanzu ni wawa ne.

Kada mai karatu ya ɗauka na yarda da tsohon. Ban yarda da addininsa ba, kuma daga baya na lura cewa a duk dogon bayaninsa, shi da ƙanensa, babu inda aka ambaci mutanen da aka kora daga gidajensu a waccan ƙasa, alhali maƙwabcina a Balad ɗaya ne daga cikinsu. Da ni ke tambaya, da na tambaye shi wannan. Sai dai rigimarsa da ƙanensa ta bi ni duk inda na je. Na ji ta a Masar, na ji ta a Sudan, na ji ta a gida bayan Turawa sun tafi: wannan ya ce a shiga gwamnati a gyara ta da littafin Allah, wancan ya ce shigarta ma ɓata ce. Kowa yana zaton a gidansu kaɗai ake wannan faɗa.

Abin da ranar ta koya mini bai wuce wannan ba. In za ka yi jayayya da mutum, ko da abokin gaba ne, yi da abin da ya faɗa, ba da abin da ka ƙaga masa ba. Ƙiyayya ba ta halatta shaidar zur. Aiki ya tafi, wani ya zo, 'ya'yan da na ji wa tsoro sun girma har sun ba ni jikoki. Amma da na sa hannu a layukan nan uku, da har yau ina neman ruwan da zai wanke shi.