Filtar da Auta Ya Ɗaure

Babanmu mai gyaran agogo ne. Rayuwarsa duka a wani ɗan tsukukun shago ya yi ta, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙananan sukurorin da in suka faɗi ƙasa sai dai a haƙura. Bai taɓa tuƙa mota ba. Ko keke ya hau, in zai tsallaka titi sauka yake yi ya tura. Sai Allah ya haɗa shi da ɗa irin Auta, ƙanena, wanda tun yana rarrafe bai san ana tafiya a hankali ba.

Da Auta ya fara aiki, bai shawarci kowa ba ya jajibo wata tsohuwar jar mota mai kujera biyu, irin ta masu tsere, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Inna ta leƙa ta ce, "To mu a ina za mu zauna, a kan rufin?" Baba kuwa sai da aka tayar da ita, gilasan tagogi suka kama rawa, sannan ya ce, "Wannan ai ajali ne aka sa wa taya." Dukanmu mun sakankance ita za ta kashe shi. Ba ita ta kashe shi ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, muna ta cewa zai sauka, ya tafi da shi. Motar kuwa tana gareji lafiyarta ƙalau, kuma har yau in na tuna haka sai in ji haushinta ya turnuƙe ni.

Bayan rasuwar na ce a sayar da ita kowa ya huta. Baba ya jefa makullin a aljihu, magana ta mutu. Daga nan duk ƙarshen mako da hantsi sai ya shiga gareji, ya zauna a kujerar mai zaman banza, don ko kusa ba ya zama a ta direba, ya miƙa hannu ya murza makulli. Gida ya ɗauki ruri. A kicin Inna ta saki abin da take yi ta tsaya cak, domin wannan ƙarar ce a da take gaya mata ɗanta ya shigo layi. In ya kashe, ba mai kallon wani, kowa ya koma hidimarsa.

Sana'ar Baba ta koya masa cewa mai yana lalacewa ko agogo na tafiya ko yana tsaye. Don haka ya je wurin makaniken bakin titi, dattijo da furfurarsa, ya tsuguna ya koyi juyen baƙin mai. Ya kuwa iya, da tsanaki irin nasa mai ƙular da mutum. Zai bar inji ya yi ɗumi, ya ɗaga motar da jak ya tokare ta, ya shimfiɗa kwali, ya tura tasa, ya kwance notin ƙasa da sifana ya jira har ɗigon ƙarshe. Sannan ya mayar da noti, ya ɗura sabo da mazurari, ya zaro ƙarfen awo ya duba shi a hasken ƙofa.

Abu ɗaya ne bai taɓa canzawa ba, filta, ɗan farin gwangwanin nan da ke tace mai. Ita da hannu ake ɗaure ta. Auta da kansa yake yi wa motarsa juye, kuma ya yi na ƙarshe dab da zai kwanta ciwo. Ranar da Baba ya fara shiga ƙarƙashin motar ya haska tocila, sai ya yi ido biyu da shatin yatsun Auta a jikin gwangwanin, na baƙin mai, sun bushe raɗau. Ya daɗe a ƙasan har na zaci suma ya yi. Da ya fito ya ce da ni, "Uwata, shiga ki ga hannun ƙaninki." Na shiga na gani, kuma tsikar jikina ta tashi, don kamar yanzu ya saki.

Shekaru suka tura, tsatsa ta ci gindin filtar, aka fara ganin ɗigo a siminti. Makanike ya zo ya duba ya ce, "Baba, gaskiya zan gaya muku. In ta fashe inji na aiki, mai zai tsiyaye, injin ya buga, shi ke nan. Ko dai a cire ta, ko a daina tayar da motar."

Baba ya zaɓi dainawa. Gida ya yi tsit, irin shirun da na tsana. Inna ba ta yi ƙorafi ba, amma duk ƙarshen mako sai a ga tana kai-kawo tsakanin kicin da ƙofar gareji, ba abin da ta je ɗauka. Abinci ma ta rage ci. Wata safiya tana zuba masa shayi ta ce, "Malam, yau ma bai..." sai ta haɗiye sauran. Ranar Baba ya fita ya dawo da sabuwar filta a kwalinta.

Ni na riƙe masa tocila. Muka kwanta a kan kwali kafaɗa da kafaɗa, warin mai ya cika mana hanci. Ya tsiyaye tsohon mai, ya kai hannu ga filtar yana neman inda zai kama ba tare da ya taɓa shatin ba. Ya murɗa, ko gezau. Ya sa hannu biyu ya yunƙura har jijiyoyin wuyansa suka fito, tana nan daram. Ya gwada ɗan maɗaurin kwance filta da makanike ya ara masa, yana ta sulluɓewa. Numfashinsa kawai nake ji.

"Yaron nan ya fi ni ƙarfi," in ji shi. "Yaushe ya fi ni ƙarfi ban sani ba?"

Dabara ɗaya ta rage cikin waɗanda aka koya masa: a huda gwangwanin da sukundireba, a murɗa da ita. Gefen da hannu ke iya kaiwa kuwa shi ne mai shatin. Na ce, "Baba, mu bari gobe mana." Ya ce, "Miƙo min guduma." Ya yi bisimilla, ya kafa tsinin a tsakiyar yatsun, ya buga. Baƙin mai ya kwararo ta hujin, ya wanke shatin, ya bi wuyan hannunsa har cikin riga. Ya danna da iya ƙarfinsa, filtar ta yi ƙara ta saki. Ni dai kuka nake yi.

Ya lakato sabon mai ya shafa wa robar bakin sabuwar, ya ɗaure ta da hannu. Ya fito ya ɗura mai, ya zagaya zuwa kujerarsa ya murza makulli. Motar ta kama, ta ɗauki ruri yadda ta saba, na ji ƙarar kwanuka ta tsaya a kicin.

Da ya kashe, ya koma ƙasa duba yoyo, na bi shi da tocila. Babu ɗigo ko ɗaya. A jikin farin gwangwanin ga shatin yatsunsa nan, sirara, na tsoho. Ya ɗan dube su, sannan ya jawo tsumma ya shiga gogewa a hankali, lungu-lungu, har sai da ta yi fes.

Na ce, "Baba, me kake gogewa? Ai ba wanda zai gani."

Ya ce, "Ke za ki gani. Ba na so wata rana ke ma ki kasa cire ta."