Yadda Baffa Ya Kwantar da Bindigar Baba

Abubuwa da dama na makokin mahaifinmu sun riga sun sulale mini daga ƙwaƙwalwa, amma safiyar da ɗan sanda ya shimfiɗa tef ɗin awo a kan teburin cin abincinmu a Dagenham, gabashin Landan, wannan kam tana nan daram, ba na jin za ta taɓa barina.

Baba ɗan gidan mafarauta ne daga kudancin Bauchi. Shekarun da ya kwashe yana tuƙa bas a Landan ba su cire masa abin daga jini ba. Ya nemi lasisin bindigar farauta ya samu, yana zuwa wata gona a Essex yana harbe wa mai ita kurciyoyin da ke masa ɓarna. Bindigar doguwa ce mai baki ɗaya, kullum tana kulle a akwatin ƙarfe da aka kafe a bango. A kan doka ba a yi wa Baba wasa.

Da ya rasu, yayana ya sanar da 'yan sanda akwai bindiga a gidan, suka ce za su aiko mutum. Kafin su aiko, Baffa, ƙanin Baba, ya iso daga gida don jana'iza. Shi kuwa Baffa, in ya ce abu al'ada ne, to magana ta ƙare. A dangin, idan maharbi ya mutu ana kwantar da bindigarsa: a sare katakon gindinta da ake jinginawa a kafaɗa a binne shi da mamacin, a datse bakinta don kada ta sake zuwa daji, abin da ya rage a damƙa wa babban ɗa. Yayana ya lalubo mukullin akwatin a aljihun kwat ɗin Baba, ya aro zarto a wajen maƙwabci. Ina kicin ina jin ƙarar ƙarfe daga bayan gida, abin da kawai ya dame ni a lokacin shi ne kada shinkafar baƙi ta kama.

Bayan jana'iza ɗan sandan ya zo, dattijo mai sanyin murya. Yayana ya ajiye masa guntuwar a kan tawul, har da ɗan alfahari, a zatonsa ya rage wa hukuma aiki. Mutumin ya daɗe yana kallonta bai taɓa ba. Daga baya ya auna bututun, ya auna tsawonta gaba ɗaya, ya tambayi wa aka ba wa. Yayana ya ce shi ne.

Sai ya yi mana bayani a hankali. Doguwar bindiga mai gindi, ta farauta ce, lasisi yana rufe ta. Amma da bututun ya gaza santimita talatin, ko tsawonta duka ya gaza sittin, doka tana sa ta a sahun bindigogin hannu da aka haramta, don tana shiga cikin riga. Kunamarta na nan, har yanzu tana harbi. Wanda aka same ta a hannunsa kuma, ƙa'ida shekara biyar ce a kurkuku.

Na fassara wa Baffa. Ya ce, "Ke, gaya masa mun kashe ta! Ina aka taɓa jin gatari ba ƙota ya fi mai ƙota haɗari?"

Yayana ya ce, "Baffa, arresting ɗina fa za su yi." Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da tsohon ciki. A nan ne tsoro ya kama ni.

Aka tafi da yayana da Baffa. Lauya ya ce kowa ya yi shiru, Baffa ya ƙi. Ya ce shi ya ba da umarni, shi ya riƙe zarto, yaro bai isa ya musa wa ƙanin ubansa ba. Watanni muka yi muna jira, yayana ya rame har wandonsa yana zamewa. A ƙarshe, da yake mu muka kira su da kanmu tun farko, ba a kai shi kotu ba. Aka lalata bindigar. Baffa aka rubuta wa gargaɗi a sunansa, ya koma gida.

Da shekara ta zagayo muka shirya addu'ar tunawa da Baba, aka hana Baffa biza. Ya sake nema, aka sake hana shi. Har ya bar duniya bai ƙara tsayawa a kan kabarin ɗan'uwansa ba, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Abin da na koya ke nan: kyakkyawar niyya ba ta hana a auna abin da hannunka ya yi. Tun daga nan, duk al'adar da muka zo da ita daga gida, sai na tambayi yadda ƙasar nan take kallonta kafin wani ya ɗauki zarto.