Kuɓewar da Na Wanke

Har yau in busasshiyar kuɓewa ta yi kacau-kacau a hannuna, sai warin hayaƙi ya dawo mini a hanci. Shekarun baya ne, kafin aurena, aka tura ni daga Tambuwal zuwa Kebbe in yi rani wurin kakata, don idanunta sun fara dushewa. Ni a gidanmu allo da tawada na sani, kuɓewa sai a miya muke haɗuwa. Shi ya sa take tsokanata da Malama.

A ɗakin girkinta akwai damin kuɓewa rataye bisa murhu, ya yi baƙi ƙirin. Kullum na ɗaga kai sai ya dame ni. Ran da ta shiga maƙwabta barka na sauke shi, na ɓare, na wanke ƙwayoyin har sau uku ina rera wasu baitoci da nake haɗawa. Na zuba su a sabon ƙoƙo da danshinsu, na rufe da faifai, na tura ƙarƙashin gado. Ji nake na yi aikin lada.

Sai bayan kwana goma ta miƙa hannu sama ta lalubi iska.

"Malama, ina irina?"

Na ɗauko ƙoƙon da fara'ata. Ina buɗewa warin fumfuna ya cika ɗakin.

"Mi kinka yi musu?"

"Wankewa na yi, Kaka. Sun yi dauɗa."

Ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a kan turmi, ta daɗe tana juya ƙwayoyin da yatsa. "Hayaƙin nan shi ka tsaronsu," in ji ta. "Uwata ta ƙullo irin ga a bakin zane lokacin ƙaura. Yaƙi bai ci shi ba, fari bai ci shi ba. Sai tsabta."

Gajeriyar kuɓewa ce mai saurin 'ya'ya, ko ruwa ya ɗauke tsakiyar damina ba ta fushi. Da ruwan fari muka shuka abin da ya rage, ko ɗaya bai tsiro ba.

A wajensu ba a sayen iri, bayarwa ake yi, wanda ya karɓa kuma in an nema ya mayar. Kakata ta lissafa matan da ta taɓa ba irin, muka fita nema ni da innata, ƙanwar mahaifiyata. A cikin Kebbe wata ta ce awaki sun cinye nata. Wata ta ce nata ya gauraya da doguwar da fatake ke kawowa daga kudu. Ta uku ta rasu, jikokinta ba su ma san zancen ba.

Muka taka zuwa Fakku cikin taɓo, ashe labarina ya riga ni isa. Matar gidan da muka nufa ta dube ni sama da ƙasa tana dariya.

"Ke ta ɗiyar malam da ta yi ma kuɓewa alwala?"

Ta ba mu fura, amma iri babu. Daga nan na daina haɗa baiti, ƙafata kawai nake ji. Duk gidan da muka shiga sai na sake ba da labarin wautata kafin a ce mana babu.

A Jabo ne wata tsohuwa ta sa sanda ta zaƙulo kuɓewa biyu daga rufin ɗaki. "Nika tsammanin ta kakarki ta," in ji ta. "Amma an daɗe, ɗiyata."

Kwana tara muka yi a hanya. Muka shuka a makare bayan ɗaki, na zauna gadi ina korar kaji. Ta tsiro, ta yi fure, ta yi 'ya'ya. Ran miyar farko kakata ta kai loma, ta haɗiye, ta juyo wajena.

"Ita ta, Malama. Ki huta hakanan."

Tun daga lokacin nake riƙe da irin. Duk shekara ina barin 'ya'yan fari su bushe a jikin kara, in rataye su bisa murhu. Amaren unguwarmu da dama na ƙulla musu, ina cewa kuɓewar kakata ce. Abin da na koya ba shi da yawa: in na ga abu baƙi a ɗakin tsohuwa, sai na tambaya kafin in ɗebo ruwa. Gajiyar kwana taran nan kuwa har yau takan sauko mini a farkon damina.

Bara, shekara shida da rasuwar kakata, mahaifiyata ta same ni ina ɗaure dami. Ta tsaya tana kallona, sannan ta faɗa mini. Tun ganyen farko kakata ta shafa karan ta gane ba irinta ba ne: nata mai kaushi ne, wannan santsi. Ta ce kada kowa ya gaya mini, yarinya ta yi tafiyar da ta isa. Irin uwarta a cikin ƙoƙon nan ya ƙare.