Safiyar da Kyamara Ta Ƙi Gani

Na ga abubuwa da dama a yawon duniya, amma akwai wata safiya a Unguwar Dosa da ba zan taɓa mantawa da ita ba.

'Yar maƙwabcina ce ta nemi gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, aka sa mata ganawa ta bidiyo da hantsi. Sharaɗinsu ɗaya: sai sun ga fuskarta, in ba haka ba su ba wani gurbin. Ta jona ƙaramar kyamara a kwamfutar gidan, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ubanta, Alhaji, ya aiko a kira ni, don ya san na yi aikin ofis a Yamai da Khartum.

Na same shi yana jujjuya kyamarar a hannu. "Malam, jabu suka sayar mana. Bari in koma kasuwa in sayo wata."

"Baba, kafin ka dawo ai an gama," in ji yarinyar.

Duk inda na zauna halin ɗaya ne. Balarabe, Bazabarme, Bahaushe, kowa abin da hannu ke iya kamawa yake fara ɗora wa laifi. Ni kuwa abin da aiki ya koya mini shi ne a raba masu faɗa, a ji ta bakin kowa. Na sa aka ɗauko tawa kwamfutar, muka jona kyamarar. Nan take fuskar Alhaji ta bayyana, hula a karkace. Kyamara lafiya lau, wayar da ake jona ta da ita ma haka. Muka koma kan tasu, muka cusa filashi na ajiyar bayanai a ramin da aka cire kyamarar, ya buɗe. Ramin ma ba shi da laifi.

Na ce, "Alhaji, ciwon nan ba a jiki yake ba, a manhaja yake. Wani ne ya hana ta gani."

Sai ga muryar uwargidansa daga bakin ƙofa: "Alhaji, ba kai ka sa mai gyara ya toshe kyamara a kwamfutar nan bara ba? Wai kada a riƙa leƙen mu ba mayafi?"

"Ni?" Ya gyara hula. "Ai wancan daban ne."

"Daban da me?"

Yarinyar ta shiga saiti, ta gano inda aka hana kyamara aiki, ta buɗe. Tana gama gyara mayafinta kira ya shigo, muka fice tsakar gida muka bar ta.

Ta samu gurbin. Shekarun nan, ta wannan kyamarar da ya kira jabu yake ganin fuskar 'yarsa duk Juma'a.

Abin da na ɗauka shi ne: kafin ka yanke wa abu hukunci, gwada shi a wani wurin. In ya yi aiki a can, ka dawo gida ka tambaya wa ya kulle ƙofa. Sau da yawa makullin yana aljihunka.