Malam Tanimu "Dokar Wace Ƙasa?"

Duk wanda ya san Malam Tanimu na Tudun Wada ya san ba a ce masa "doka ta hana" a wuce lafiya. Sai ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya dube ka, ya ce, "Dokar wace ƙasa?" Rannan mai Keke Napep ya ce masa doka ta hana sauke fasinja a ƙarƙashin gadar Kwangila. Malam ya gyara zama ya ce, "Dokar wace ƙasa? Wane sashe?" Bawan Allah ya taka birki ya ce, "Baba, don girman Allah sauka!"

Ni na same shi a ɗakin karatun da muka yi aiki tare, shi ke kula da littattafan dokokin ƙasashen waje da na ƙasa da ƙasa. Shi ya ja ni cikin ƙungiyarmu ta ma'aikatan laburare masu wannan fanni. Ja kuwa, don bai tambaye ni ba. Cewa ya yi, "Hajara, gobe akwai taro. Ke ce ma'aji." Na ce, "Malam, ban ma shiga ba." Ya ce, "To kin shiga."

Kun tuna rigimar taron intanet? Takwarorinmu na ƙasashen waje suka riƙa sa taro ranar Juma'a, daidai lokacin masallaci. Malam ya yi magana, aka ce za a duba. Ya sake yi, aka ce za a duba. Juma'ar da ta biyo, sai ya shiga taron da wayarsa, ya jingina ta da turmi a tsakar gida, tana kallon ragon da ya ɗaure, ya ɗauki darduma ya fice. Madam Rifkatu, sakatariyarmu, tana cikin taron. Ta ce ana tsaka da bayani kan yarjejeniyar teku sai rago ya yi kuka. Shugabar taron ta tambaya ko waye. Madam ta daure ta ce, "Wakilin Zariya ne." Da Malam ya dawo ya ji, sai ya ce, "Ai ya yi ƙoƙari. Ni ma abin da zan faɗa ke nan." Aka mayar da taro Laraba.

Amma babban faɗansa shi ne na littattafai. Aka kawo mana sabon shugaban laburare, ya ce tsofaffin kundayen dokokin Nijar da Kamaru da Sudan sun cinye wuri, komai yana intanet yanzu, a kwashe su. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, nuna mini na Sudan a intanet ɗin." Shugaba ya ce ba shi da lokaci, ranar Litinin mota za ta zo. Mun san inda za su ƙare: wajen masu tsire da masu ƙosai. Na ga idon Malam ya yi ja, na ce yau akwai dambe. Ashe wayo zai yi. Ya bi 'yan ƙungiya da masu karatu ɗaya bayan ɗaya, daga Hanwa har Tudun Jukun, ya ce kowa ya zo da katinsa ya ari iya abin da ƙa'ida ta yarda. Lauyoyi, ɗalibai, har limamin unguwarsu, wanda ya tafi gida rungume da dokar kwastan ta Kamaru cikin Faransanci! Litinin mota ta zo, kantocin littattafai fayau. Shugaba ya ce, "Ina littattafan?" Malam ya ce, "Suna hannun masu karatu, ranka ya daɗe. Ashe ana son su." Mota ta koma da direba kaɗai. Daga baya aka ba littattafan ɗaki guda, Malam ya riƙe makullin a aljihun 'yar shararsa.

Da ya yi ritaya muka ce mu huta, mu naɗa shi uban ƙungiya. Ya ce, "Uban ƙungiya yana da ƙuri'a?" Muka ce a'a, girma ne. Ya ce, "Ku riƙe girmanku, ku bar mini hannuna."

Har ciwon ajali bai sa ya sauka ba. Muka je duba shi ni da Madam Rifkatu, ya rame, muryarsa da kyar take fita. Madam ta ce, "Malam, mun yi taro, mun yanke shawara..." Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ban yarda ba." Ta ce, "Haba Malam, ba ka ji ba tukuna!" Ya ce, "Rubuta dai. In na ji sai in faɗi dalili." Muka yi ta dariya, har shi. Da muka fito ƙofar gida Madam ta fashe da kuka, ni ma na kasa ba ta haƙuri. Shawarar ita ce za a sa wa ɗakin littattafan nan sunansa, kuma mun sa, da ƙuri'a ɗaya ta rashin yarda.

Allah ya jiƙan Malam Tanimu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya sa mu cika da kyau. Amin.