Reshen Lallen Kaka

Yau a makarantarmu ta lise malaminmu ya ce toho ne ke aika wani sinadari gindin reshe, saiwa ta fito. Sai marigayiya kakata ta faɗo mini a rai.

Na tuna ta a garkarta bakin kogin Komadugu, yatsunta duk laka, tana tsaga gindin reshen lalle tana cusa ƙwayar dawa. "Kai malalacin miji, kada ka tsinke tohon," in ji ta, "shi ke kiran saiwa."

Bana ambaliya ta cinye garkar. Reshe guda na tsirar, na dasa a gwangwani yadda take yi, har yanzu shiru. In ya bushe, ƙamshin furen lallenta ya tafi ke nan.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Kaka, Ya sa wannan ya kama.