Wuƙaƙena a Cikin Huhun Goro

Shekarun baya masu yawa, lokacin ina saurayi ina aikin makanike a Suame, unguwar makanikai a Kumasi, na ɗora wa kaina wani son abu da ba ya ci ba ya sha, wato tara wuƙaƙen aljihu. Ba kowace iri ba, sai masu naɗewa ɗin nan da ake kawowa daga Turai, waɗanda aka yi don tunawa da babban yaƙin duniya. Kowace da hatimin kamfani da lambarta, a jikin ƙotar kuma an zana bindiga. Biyu daga ciki ma ƙirar ƙaramar bindiga aka yi musu, in ka naɗe su ka riƙe, daga nesa sai a rantse ita ce. Wajen tsofaffin sojoji da direbobin da ke zuwa bakin teku nake samunsu. Na tara goma sha ɗaya. Ban taɓa yanka ko lemo da ɗaya ba. Aikina in goge su da man inji kada su yi tsatsa, in jera a kan tabarma ina kallo kamar wanda ya gaji gona.

A ƙarshen 1969, muna cikin azumi, aka sanar a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin mako biyu. Mu a gidanmu 'yan ƙasa ne, mahaifina daga arewacin ƙasar iyayensa suka sauko, amma a wancan lokacin in dai Hausa kake ji kuma a Zongo, unguwar baƙi, kake kwana, sai ka yi bayani. Jita-jita ta cika gari. Ana cewa 'yan sanda na bi gida-gida, wai duk wanda aka samu da makami ba a ma tambayarsa takarda. Ban ga wanda aka yi wa haka da idona ba, amma tsoro ya shige ni sosai.

Mahaifiyata ta kira ni ta ce, "Waɗannan bindigogin naka, ka kai su salga ka zuba. Yau ɗin nan."

Na ce, "Mma, wuƙaƙe ne fa, ba bindiga ba."

Ta ce, "Sai ka tsaya ka yi wa ɗan sanda wannan karatun. Ni dai kada ka jawo wa ubanka magana."

Da yamma na ce mata na zubar. Ƙarya na yi. Mahaifina fataucin goro yake yi, a zaurenmu akwai huhuna jere, an naɗe su da ganye an ɗaure. Na jira ya tafi masallaci sauraron tafsiri, na zaɓi huhun da ke can ƙurya, wanda na ga an daɗe ba a taɓa ba. Na sake shafe wuƙaƙen da man inji, har da ƙari tunda goro wurin danshi ne, na naɗe su a tsumman gareji, na kwance huhun na cusa su can tsakiya, na mayar da ganye na ɗaure. Na tashi ina jin babu mai wayona a duk Kumasi.

Mahaifina yana da amini, mutumin Nijar, muna ce masa Kawu. Ya fi shekara talatin a Zongo yana sayar da goro, shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni, amma bai taɓa riƙe wata takarda ba. Kwana uku bayan ɓoyon da na yi, na dawo gida da hantsi ɗaukar wani ƙarfe da na manta. Ina shiga zaure idona ya tafi ƙurya. Wayam.

Na tambayi mahaifina ina huhun nan yake. Ya ce, "Na ba Kawunka. Ka san ba a barinsu su fita da kuɗi mai yawa. Farin goro ne, zaɓaɓɓe, na daɗe ina ajiyarsa. In ya isa gida ya samu abin da zai fara da shi. Yanzun nan aka kai shi tasha."

Ai ban san lokacin da na fita ba. Da bakin azumi na yi gudu har tasha, ina ganin hoton Kawu a gaban 'yan sandan kan iyaka, an kwance huhu, abu mai ƙirar bindiga ya faɗo ƙasa, shi kuma bai san hawa ba bai san sauka ba. Dattijo, baƙo, ba takarda, ga makamai a ɓoye cikin goro. Wa zai saurare shi?

Tasha ta cika maƙil. Mata da yara a kan ƙullin kaya, tukwane, katifu, wata tsohuwa ta rungume keken ɗinkinta tana kuka. Na hango Kawu a bayan wata lori, yana zaune a kan huhun nan nawa. A gindin motar kuwa 'yan sanda biyu ne tsaye, ɗaya yana duba fuskokin mutane yana cewa, "Wo krataa wɔ he?", wato ina takardarka.

Kawu ya gan ni ya yi murmushi. Ya miƙo hannu daga sama ya ce, "Ɗana, ka baro aiki don ka yi mini sallama? Allah Ya yi maka albarka. Ka riƙe mahaifinka da kyau, ka ji? Ba shi da ƙarfi kamar yadda yake nunawa."

Maganar tana bakina. Kalma biyar ce ko shida. Amma ɗan sandan nan yana kusa da ni har ina jin numfashinsa, kuma na san in aka sauke huhun a nan, ni za a fara kamawa. Na ce a raina bari ya matsa tukuna. Bai matsa ba. Direba ya tayar da mota. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Amin, Kawu. Allah Ya kiyaye hanya." Na tsaya ina kallo har lorin ta sha kwana.

Watannin da suka biyo baya ban ga da kyau ba. Aka yi sallah, ban ji daɗin komai ba. Duk direban da ya kawo mota gareji daga arewa sai na bi shi da tambaya: ana kwance kaya a kan iyaka? An kama wani dattijo mai goro? Wannan ya ce har cikin fulo ake farkewa, wancan ya ce mutane sun yi kwana da kwanaki a fili suna jiran a bar su su wuce. Na rame har mahaifiyata ta fara jiƙa mini magani, tana zaton shawara ce. Mahaifina kullum bayan sallar asuba sai ya ce, "Shiru, ba labarin Kawunku." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai. Sau uku ina zama gabansa da niyyar faɗa, in tashi da zancen tayar mota.

Sai da damina ta sauka a 1970, wata rana ina ƙarƙashin mota, wani direba da na sani ya taɓa ƙafata. Na fito ya miƙa mini wani ƙulli a tsohon rawani. Na buɗe. Wuƙaƙena ne, duka goma sha ɗaya, a goge tas.

Ya ce, "Massa, maigida, tsohon nan ya ce in ba ka hannu da hannu, kada babanka ya gani."

Na ce, "Yana lafiya? An kama shi?"

Ya ce, "Ba a kama shi ba. Tun kafin Tamale ya ji goro yana warin gareji, ya buɗe ya gani. Mutanen cikin mota suka ce ya jefar a daji, zai kashe su duka. Ya ce ba nasa ba ne, ba zai jefar da kayan yaro ba. Ya ɗaura a cikinsa ƙarƙashin riga, haka ya wuce boda biyu. Tsohon nan yana da zuciya paa, ba kaɗan ba."

Na tambayi goron. Ya girgiza kai ya ce, "Mai ya shiga. Wa zai ci goro mai warin inji? Kaɗan na gefe ya sayar, saura ya zubar. Yanzu a rumfar wani yake zama, yana taya shi tsintar goro."

Na koma bayan gareji na zauna a kan tsohuwar taya na yi kuka kamar ƙaramin yaro. A ranar na faɗa wa mahaifina komai. Bai zage ni ba, na fi so a ce ya zage ni. Sai dai ya ce, "Da ka faɗa mini a zaure, da ni na bi shi tasha. Ni ba wanda zai hana ni sauke kayana."

Muka haɗa wani huhun ni da shi, wannan karon ina tsaye ina kallo ban sa hannu ba, na kuma sa aka rubuta mini wasiƙar neman gafara. Kafin direban ya sake samun lodin Nijar an yi wata huɗu. Da ya dawo, ya dawo mini da wasiƙar a rufe. Kawu ya rasu, goron iyalinsa aka ba.

Yanzu na tsufa, na wuce shekarun da Kawu yake da su a lokacin. Ɓoye wuƙaƙen wauta ce ta ƙuruciya, wannan na daɗe da yafe wa kaina. Abin da ban iya yafewa ba shi ne tsayuwar nan a gindin lori, da na auna tsorona da nasa haɗarin, na zaɓi kaina. Shi kuwa da abin ya zo hannunsa, bai yi irin nawa ba. Duk wanda ya riƙe wata magana da ya san za ta cuci wani, ya faɗe ta yau, ko da murya na rawa. Ni ban samu na ce masa ya yafe mini ba. Abin da ya rage mini kawai, duk sallar da na yi, in na roƙa wa mahaifina gafara sai in haɗa da shi.